Ecotopia: tsarin ya fi labarin daɗi

Tsohon kwafi na Ecotopia na samu wajen mai sayar da littattafan gwanjo, takardunsa duk sun yi ja. Ernest Callenbach ne ya rubuta shi da Turanci, ya kuma buga shi da kansa a Berkeley a 1975 bayan kamfanonin ɗab'i sun ƙi karɓa. Ba shi da kauri, kuma Turancin bai da wuya.

A cikin labarin, arewacin Kalifoniya da Oregon da jihar Washington sun ɓalle daga Amurka a 1980, suka kafa ƙasar Ecotopia, suka rufe iyaka. Sai a 1999 aka bar wani ɗan jarida daga New York, William Weston, ya shiga. Rabin littafin rahotannin da yake aika wa jaridarsa ne, rabi kuma abin da yake rubutawa a asirce cikin kundinsa. Wannan dabarar ta yi kyau, domin kana ganin yadda mutumin yake kushe ƙasar a fili alhali zuciyarsa ta fara karkata.

Inda littafin ya kama ni shi ne ƙananan abubuwa. Callenbach bai tsaya kan "a kare muhalli" ba, ya sauko har masai. Bahaya da ragowar abinci duk ana mayar da su taki a kai gona, abin da manoman kewayen Kano suka daɗe suna yi da sharar birni a kan jakuna ba tare da kowa ya kira shi sabon tunani ba. Babban titin San Francisco, Market Street, an dasa masa itatuwa, an buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinsa, babu motar kowa sai ƙananan bas masu lantarki na kyauta da kekuna da kowa ke ɗauka ya ajiye. Aiki awa 20 ne a mako. Dokar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta katako: wanda ke son itace mai yawa don gini sai ya je daji ya yi aikin dashe da kula da bishiyoyi na wani lokaci kafin a ba shi. Kuɗi kaɗai ba sa saya. Na daɗe ina juya wannan shafin.

Amma a matsayin labari, gaskiya da sauransa. Mutanen Ecotopia ba sa hira, lacca suke yi. Kowa Weston ya tambaya sai ya zuba masa bayani tiryan-tiryan. Soyayyarsa da Marissa, mai aikin gandun daji, ba ta da gishiri, kuma akwai wuraren batsa da yawa, don haka ba littafin da za a miƙa wa yara ba ne. Wasan yaƙin da samari ke yi da mashi, wai don su huce zafin rai, ban ga hikimarsa ba. Har Weston kansa sai da aka soke shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka yi da baƙar fata. An ware su a nasu yankin, Soul City, aka ce da son ransu ne, marubucin ya wuce abinsa. Sannan ya zaɓi yanki mai ruwa da daji da ƙasa mai albarka, don haka tambayar da ta fi wuya, yadda za a yi inda ruwan kansa bai isa ba, ba ta taso masa ba.

Ina ba shi uku cikin biyar. Ɗalibin tsara birane ko aikin gona zai ƙaru da rahotannin Weston, ko da ya tsallake kundin nasa. Mai neman labari mai ratsa zuciya kuwa ya nemi wani.