MANGA Plus: kyauta ce, amma sai da rezo a hannu

A Damagaram, yawancin masu bin One Piece ta bidiyo suka san shi, wanda ake tura musu a katin waya a shagunan caji na Zango da bakin Kasuwar Dole. Asalin labarin kuwa zane ne na baƙi da fari, da Eiichiro Oda ya fara fitarwa a 1997 cikin mujallar Weekly Shonen Jump. Sai a 1999 kamfanin Toei ya mayar da shi fim. Mai mujallar, Shueisha, ya buɗe MANGA Plus, manhajar karanta irin waɗannan labaran zane, a Janairun 2019 don mutanen wajen Japan, kuma tun 2021 akwai Faransanci a cikinta.

Abin da ya fi burgewa lokaci ne. Mujallar tana fita ranar Litinin a Japan, su kuma sun riga mu da awa 8. Sha biyun darensu ita ce ƙarfe 4 na yammacin Lahadi a nan, kenan ana idar da la'asar sabon babi ya sauka, ba ko dala. Babi ɗaya shafi 15 zuwa 20 ne, minti biyar ka gama. Fim ɗin kan ɗauki wajen minti 24 a kan abin da bai fi haka ba, don idan masu fim suka kusa cim ma mai zane dole su ja labari kamar roba, ko su cusa abin da babu shi a littafin. In Lahadi ta zo shiru, ba wayarka ba ce: Oda yana yawan hutun mako guda, mujallar ma tana tsallake mako a sabuwar shekara, da farkon Mayu, da tsakiyar Agusta.

Karatun daga dama ake farawa. Wanda ya riƙe allo ba zai sha wuya ba: akwatin sama na dama, a gangaro hagu, sannan layin ƙasa. Rubutun cikin kumfar maganar ne kawai ke bin boko. Sabon shiga yakan fara daga hagu, sai ya ga an ba da amsa kafin a yi tambaya. Inda zane ya cinye shafi biyu a kwantar da waya, in ba haka ba rabin faɗan za a gani.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ba a sauke babi a ajiye. Kowane shafi sai da intanet, rezo na yankewa sai ka tsaya kallon baƙin allo a tsakiyar dambe. A shafinsu na intanet akwai wurin rage kaifin hoto. A sa shi matsakaici, rubutu na karantuwa, forfe kuma ya ƙara kwana. Ƙa'idar kyautar ita ce babi uku na farko da uku na ƙarshe. A manhajar waya, labaran da ba su ƙare ba sukan bari a karanta na tsakiya, amma sau ɗaya tak, don haka kar a buɗe babi sai da caji da rezo mai ƙarfi. Irin su Naruto da suka kammala, ɗanɗano kawai za a ba ka. Sauran na cikin tsarin biya, MANGA Plus MAX, wanda ke neman katin banki.

Na Faransanci bai kai na Ingilishi yawa ba, ko kusa. Kuma kayan Shueisha ne zalla: kar a wahala neman Detective Conan, na Shogakukan ne, Attack on Titan kuma na Kodansha.

Iyaye su lura, zane ba ya nufin na yara ne. Chainsaw Man jini ne male-male, shigar matan wasu labaran ma ba ta gidanmu ba ce. Kafin a miƙa wa ɗan firamare waya, babba ya fara duba babi ukun farko.