Sensar MAP: ta Belgium ko sabuwa a kwali?

Malam, tunda a kan sensar MAP, wadda ke auna matsin iskar da ke shiga inji, tsakanin ta Belgium da sabuwa ta kwali kake tambaya, ka ɗauki ta Belgium kawai, amma fa wadda lambar jikinta ta zo daidai da ta taka, harafi da harafi.

Ni irinta ce a motata, Bosch ce, a Sabon Gari na samo ta da ƙurarta da komai, rewaya ya ɗaura min, wallahi tun daga ranar motar ta daina wannan nauyin da take yi in na hau titin Kaduna, ka taka totur har ƙasa ta ƙi ja, baƙin hayaƙin ma ya ɗauke, shan mai ya dawo daidai, har yanzu ban sake buɗe wajen ba. Sabuwar mara suna kuwa, to tana ɗan yi dai, amma kwalin ya fi abin da ke ciki kyau.

Sai dai kafin ka fitar da ko sisi ka tabbatar sensar ce ma ta mutu. A saka mata kwamfuta a ga lambar matsalar da ta kawo. P0106, P0107 ko P0108 ɓangaren sensa ne ko wayarta. In kuwa P0299 ce, cewa take iskar turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba ta kai ba, kuma sau da yawa tiyon intakula, abin da ke sanyaya iskar turbo, ne ya tsage ko kilif ya saki, ka canza sensa goma ba abin da zai gyaru. Ka saurara ko akwai fito in ka ba ta wuta, ka duba mai a jikin tiyon.

Gwajin da na fi yarda da shi: a buɗe makulli kar a tayar, a duba abin da sensar take karantawa. A nan Zariya wajen 93 zuwa 94 kPa (ma'aunin matsin iska) za ka gani don muna kan tudu, sama da mita 600, wannan 101 ɗin na masu bakin teku ne irin su Legas, kar wani ya ce maka taka ta lalace don ba ta kai ba. In mai fetur ce, da an tayar tana silo lambar za ta sauko wajen 30 zuwa 40, mai dizal kuwa ba ta sauka sosai. Rewaya ya auna soket ɗin, dole a samu bolt 5 da at, wato wayar earth, mai kyau. Wani lokacin ma datti ne kawai, mai da baƙin EGR, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, sun toshe ramin, a fesa mata abin wanke kayan lantarki a bari ta bushe, kar a soka waya ciki.

Sannan ka yi hattara da wasu masu shago, za su miƙo maka ta motar da ba ta da turbo, mai auna matsin iska iya bar 1 (wato 100 kPa), su ce ai duk ɗaya ne tunda soket ya shiga, alhali ta turbo yawanci mai bar 2.5 ce ko 3. Wasu kuma ta China suke shafa wa ƙura su kira ta Belgium. Ka tafi da tsohuwarka a hannu, kuma ku yi magana tun farko, in an gwada ba ta yi ba za ka dawo da ita.