Wata bakwai da sa wa motata heda a Jos: sharhina

Tun kafin in sayi heda, wato bututan fitar da hayaƙi daga injin, na san ba dole ba ne. Motar lafiyarta lau, ba ta hayaƙi, ba ta ƙarar komai. Dodge Charger R/T ce ta 2014, mai injin Hemi V8 lita 5.7, wanda a takarda aka rubuta masa ƙarfin doki 370. A takarda ke nan. Mu mutanen Jos muna zaune ne a kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta da kauri irin ta Legas, kuma injin da ba shi da tarbo abin da ya shaƙa da kansa shi ne rabonsa. Sama da kashi 10 cikin 100 na wancan ƙarfi tudun nan ya cinye shi. Duk ranar da na gangara Abuja sai in ji motar ta saki jiki, in na dawo gida ta koma kamar mai azumi. Abin da ya jefa ni tunanin heda ke nan.

Ga wanda bai saba da kalmar ba: a kowane gefen injin akwai wani ƙarfen zubi mai nauyi da makanikai ke kira manifol. Shi ke karɓar hayaƙin silinda huɗu ya cusa su a hanya ɗaya tun daga bakin ƙofa, su yi ta gogayya kamar masu fitowa daga masallacin Juma'a ta ƙofa guda. Heda kuwa kowace silinda bututunta daban, sai can ƙasa su haɗu. Idan hayaƙin wata silinda ya wuce da gudu yakan bar ɗan zuƙo a bayansa, zuƙon nan ya taimaka wa ta gaba ta fitar da nata. Silindar da ta amayar da hayaƙinta tas ita ke samun wurin sabuwar iska da mai. Akwai gajere, wanda ke zama daidai gurbin manifol ba tare da an taɓa komai ba, akwai kuma dogo, mai gangarawa har ƙarƙashin kujerun gaba. Ni da zaƙewa dogon na saya, na ƙarfen sitenles lamba 304, bututu inci 1 da 3/4. Daga Amurka aka yo mini odarsa, kuma kuɗin jigila da na kwastan sun kusa kamo rabin kuɗin kayan, ga dala yadda ta koma tun 2023.

Kayan da kansa ba ni da abin cewa a kan waldarsa. Zanen waldar a jere yake kamar ɗinkin hula, farantin da ke mannewa da kan injin mai kauri ne, mun ɗora rula a kansa bai nuna lanƙwasa ba. Amma gaskit ɗin da suka haɗo a kwalin, wato abin da ke toshe tsakanin farantin da kan injin don kada hayaƙi ya tsere, abin kunya ne, wani abu mai kama da kwali da aka shafa wa azurfa. Zan dawo kansa.

A wani gareji a Farin Gada aka yi aikin. Maigidan wurin dattijo ne da ya daɗe a kan manyan motoci, ya juya bututun ya leƙa cikinsa, ya ce, "Yallaɓai, ka ba ni yini ɗaya." Kwana uku muka yi. Ɓangaren direba sandar sitiyari ta tare hanya, dole aka kwance ta. Sannan aka sassauta mazaunin injin aka ɗaga shi da jak kafin bututun ya yarda ya shiga ta ƙasa, shi ma sai da aka yi ta juya shi kamar ana shigar da gado ɗakin amarya.

Abin da ya cinye mana yini guda cur kusoshi biyu ne. Motar tokumbo ce, daga yankin da ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara ta fito, tsatsa ta riga ta ci kusoshin manifol. Yaron da ke kwancewa ya ja sifana, sai muka ji ƙas, kan kusar ya zo a hannunsa, gindin ya tsaya cikin kan injin. Can kusa da bangon gaban mota kuwa, inda hannu ma da ƙyar yake kaiwa. Na ce a huda da dirila. Dattijon ya girgiza kai: "Kan injin nan alminiyom ne. In dirila ta kauce ko kaɗan, sabon kai za ka nema." Sai ya aika a kira mai walda. Aka cire kan batir, mai waldar ya ɗora noti a kan guntun kusar, ya cika cikin notin da wuta har ya yi ja. Walda ba ta kama alminiyom, ƙarfen kusar kawai take bi, zafin kuma yana fasa tsatsar. Aka jira ya huce. Na farko notin ya ɓalle. Na biyu ya ɓalle. A na uku dattijon ya karɓi sifana da kansa, yana motsa shi gaba kaɗan baya kaɗan, bakinsa yana motsi, har muka ji wata 'yar ƙara siririya, kusar ta fara biyowa. Wannan kaɗai ya isa kuɗin aikin da na biya shi.

Sai maganar katalis, wato matatar hayaƙi, wanda a gareji ake ce wa indomi. Dogon heda yakan mamaye wurin da na asali yake zaune, saboda haka dole ya fita. Kusan kowa a garejin cewa yake a bar motar haka, wai za ta fi gudu. Ban yarda ba. Na taɓa bin bayan motar da aka cire wa nata, idanuna har ruwa suka yi, kuma yarana a kujerar baya suke zama. Na sa ƙanana masu faɗin hanya da na yo oda tare da hedan. Tsofaffin kuwa da hannuna na ɗauke su na sa a but, don ƙarafan da ke cikinsu, irin su filatinam da faladiyam, su ke sa a ga indomi ya yi ƙafa a gareji. Ba zargin kowa nake ba, amma sai da wani ya tambaye ni har sau biyu ko zan bar su.

Da aka tayar da ita, gaskiya na ji daɗi. Muryar ta faɗa ƙasa, ta yi kauri, kana jin bugun kowace silinda daban. Masu facin taya na maƙwabta har suka taso kallo. Sabon ƙarfen ya yi ta hayaƙin maiƙo na ɗan lokaci, daga baya wurin lanƙwasar ya rine ya koma ruwan zinariya da shuɗi-shuɗi.

Daɗin kwana huɗu ya yi. Ran na biyar ina kan hanyar Bukuru fitilar cek, mai nuna matsala a injin, ta kama. Aka sa na'ura ta nuna P0420 da P0430, wato kwamfutar motar tana ƙorafin katalis ɗin gefe biyu ba sa tace hayaƙi yadda ta saba gani. Motar tana da sensa huɗu masu shinshinar hayaƙi, biyu kafin katalis biyu bayansa, kuma dogon heda ya tura su nesa da inda aka tsara musu, har sai da aka ƙara musu tsawon waya. A makon nan kuma na fara jin tas-tas-tas da safe, in injin ya ɗumama ta ɓace. Gaskit ɗin nan ne ya ƙone ta gefe ɗaya, ga baƙin tabo a jikin farantin. Muka sake kwance rabin aikin, muka sa irin na asali mai falle-fallen ƙarfe. Wanda zai yi wannan aiki ya jefar da na cikin kwali tun ranar farko, kuma ya koma a sake ɗaure kusoshin bayan injin ya yi zafi ya huce sau uku ko huɗu, don sukan saki.

Saitin kwamfuta kuwa sai da na je Apo a Abuja. Nan na yi sa'a da shekarar motar, don daga 2015 kwamfutarsu a kulle take zuwa, sai an buɗe ta kafin a taɓa. Na roƙi mai saitin kada ya matsa lokacin tartsatsin fulogi da yawa, tunda a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, abin da aka zuba maka shi za ka sha. Sai bayan wannan saiti ne hedan ya nuna kansa. Ran da nake dawowa, a Hawan Kibo na tarar da tirela biyu suna jan ciki. Da hanya ta buɗe na taka totur. A da, in allurar juyin injin ta wuce 4,500 sai ka ji injin yana ihu amma numfashinsa ya ƙare. Ran nan ja ta yi ta yi har giya ta canza, ban ma ankara ba na ga tirelolin a madubi. A nan kuɗina yake.

Amma sau nawa nake hawan Kibo a wata? A cikin gari, daga Terminus zuwa Bauchi Road, inda allura ba ta wuce 2,000, babu wani bambancin da zan rantse a kansa ban da ƙara. Ƙarar ma iri biyu ce. Injin nan yana da dabarar kashe silinda huɗu in ana tafiya a hankali don rage shan mai. Da manifol ɗin asali ba ka ma sanin ya yi. Yanzu da zarar ya koma huɗu sai wani gurnani ya cika motar, buuu, irin na janareton maƙwabci, har cikin haƙora. Ana iya kashe dabarar a kwamfuta, amma da farashin fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, na zaɓi in haƙura da gurnanin. Maman yara ba ta haƙura ba, in tafiyar nesa ce motarta muke ɗauka.

Zafi ma ya ƙaru a ƙarƙashin bonet, don siririn bututu ba ya riƙe zafi kamar ƙarfen zubi. Sai da muka naɗe wayoyin da ke kusa da kik da rigar kare zafi, bayan mun ga robar wata ta fara ƙyalli. Ƙasan motar kuma ya sauko. Duk tudun rage gudu na unguwa sai na hau shi a karkace, duk da haka akwai ƙarce biyu a mahaɗar bututun da ba na son tunawa.

Ga wanda wannan ce motarsa tilo, ta kai yara makaranta da zuwa kasuwa, ban ba shi shawara ba. In ƙara yake so ya canza salansar baya ya huta. Wanda kuma yake da ta biyu, yana yawan bin doguwar hanya, to ya lissafa kuɗin katalis, gaskit, wayoyi, mai walda da saitin kwamfuta tun kafin ya danna oda, don ni abin da na kashe ya kusa ninka abin da na tsara. Ba zan cire nawa ba.

Matsalar da ban warware ba ita ce ta asuba. Da sanyin Disamba na Jos, injin kan tashi da ƙarfi na kusan minti guda kafin ya lafa. Wata safiya dattijon da muke katanga ɗaya ya tare ni bayan an idar da salla, ya riƙe hannuna, ya ce, "Ɗana, motar nan taka ba ta da lafiya ne? In kuɗin gyara ne ka faɗa, a san yadda za a yi." Na ce, "A'a Baba, gyaran ke nan aka yi." Ya dube ni ya daɗe bai ce komai ba. Tun daga ranar a bakin layi nake kwanar da ita wajen mai gadi, in taka da ƙafa in je in same ta.