Keken koyon tafiya na roba da na saya wa Abba, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Tun ranar da na sa tsohon hoton Abba yana cikin kekensa ake ta tambayata a ina na saya, nawa ne, yana da kyau kuwa, to bari dai in amsa gaba ɗaya in huta, amma fa ku yi haƙuri maganar za ta ɗan ja dan abin ba yadda na ɗauke shi da farko yake ba.

Keken nan ne mai zagaye da ake zaunar da yaro a tsakiya ƙafafunsa suna taɓa ƙasa, masu butik suna ce masa troter wasu kuma yupala. A babbar kasuwar Garwa na saye shi, mai shagon ya fara da jaka 18 muka yi ta ja har ya sallama min a jaka 14, wato sefa 14,000. Ɗan China ne a kwali, babu wani sunan kamfani na kirki sai hoton wani jaririn bature yana washe baki. Lokacin Abba yana wata 7, ya iya zama da kansa har ya fara jan ciki. Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah ba wani abu ya sa na saya ba sai ganin ƙyashi, 'yar maƙwabciyata ta taka a wata 10 uwar tana ta cewa ai keke ne ya koya mata, ni kuma na ce nawa ma ba za a bar shi a baya ba.

Abin da yake da kyau kam akwai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Haɗa shi ba wuya ko takarda ban duba ba, kujerar ta yadi ce ana cirewa a wanke, ana ɗaga tsawonsa hawa uku, yana naɗewa a jingine a bayan ƙofa. Sati na farko wallahi ji na yi kamar an ba ni 'yar aiki, in sa shi a ciki in yi shara in yi wanke-wanke in ɗora tukunya ba mai riƙe min zani, bayana ma ya huta da goyo, kun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu in kin goya yaro ku biyun duk kun jiƙe sharkaf ga ƙurajen zafi. To nan dai alherinsa ya tsaya.

Na farko keken bai san gidajenmu ba. A yashi ba ya motsi ko kaɗan tayoyin nutsewa suke, a kan siminti kuma sai ka ce ɗan moto ya ga fasinja. Barandarmu siminti ce sannan akwai ɗan dakali da ake sauka tsakar gida, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, sau biyu tayar gaba tana faɗawa keken ya kife da shi, Allah ya taimaka a kan yashi ne. Na yi ta tare wajen da benci da turmi ina ganin ai na yi dabara.

Ranar da ta sa na dawo daga rakiyarsa wata Juma'a ce bayan la'asar. Baban Abba da ƙannensa biyu suna shayi a ƙarshen baranda, ɗan murhun nan na waya da gawayi da buta a kai, ni ina ɗaya ƙarshen ina tsintar shinkafa, yaron yana gefena yana buga abin kiɗan da ke gaban keken. Ban tashi ba, ban shiga ɗaki ba, waya ma ba ta hannuna. Kaina kawai na sunkuyar na cire tsakuwa ɗaya na ɗago sai na ga bayan keke, kafin in ce ku riƙe shi ya isa ya kai hannu kan murfin butar. Manya huɗu a wajen fa! Ƙanin mijina ne ya fizge keken baya, butar ta tuntsire ta ɗaya gefen, Allah ya rufa asiri yatsu biyu ne kawai suka ƙone suka yi bororo. Har yau in na tuna da a ce ta gefensa ta zube cikina juyawa yake.

Nan take Hajiya surukata ta ce a kawo man goge baki, wata a gidan ta ce a'a ɗanyen ƙwai ake fasawa. Ƙanwar mijina da ke aikin jinya ita ta hana, ta ce a'a Inna ku bari, ta kama hannun ta sa aka yi ta kwarara masa ruwan randa kusan minti 20 yana ihu muna riƙe da shi, ta ce ba ƙanƙara ba man ja ba komai, kuma kar a fasa bororon, sannan muka tafi asibiti aka naɗe. Wannan ku riƙe ko ba ku da keke a gida.

Da muka koma rigakafin wata 9, na ƙyanda da shawara, matar da ke cika karne, wato katin rigakafi, ta ga bandejin ta tambaya na faɗa mata. Ta ajiye biro ta ce maman Abba kin san a Kanada tun 2004 aka hana sayar da keken nan gaba ɗaya? Na zaci tsoratarwa ce irin ta ma'aikata, da na dawo gida na sa ƙanwar mijina muka duba, ashe haka ne, har wanda aka yi amfani da shi ma ba a yarda ka sayar ba a can. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana neman a hana, dan daga 1990 zuwa 2014 yara sama da 230,000 aka kai asibitin gaggawa a Amurka saboda shi, yawancinsu faɗowa daga matakalar bene. Mu ba mu cika zama a bene ba amma muna da abin da ya fi bene, murhu a ƙasa, bokitin ruwa a buɗe, rijiya a wasu gidajen. Kuma yaro a cikinsa yana iya cin kusan mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, to ina uwar da za ta riga shi.

Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne tsawo. Yaron da ke rarrafe iyakarsa abin da ke ƙasa, amma a keke hannunsa yana kaiwa saman tebur da kan taga da bakin kanta. Sau ɗaya na kama shi yana jan robar kalanzir da muka zuba a gorar ruwa, irin yadda kowa ke yi, su masu sayar da fetur ɗin zuwa-zuwa ma a bakin titi ai a kwalba da gora suke zuba man. Yaro ina ya san bambanci, gora dai gora ce. Tun ranar na mayar da kalanzir da ruwan javel na wanke fararen kaya da magungunan Hajiya can saman kabad.

Sai abin kiɗan gaban. Kai jama'a ƙara! Waƙa uku yake maimaitawa har cikin barci ina jin su. Murfin wajen batir ɗin kuma babu sukuru, da farce ake ɓalle shi, wata rana na tarar da batir ɗaya a bakinsa yana tsotsa. Nasa dogaye ne shi ya sa bai haɗiye ba, amma masu kayan wasa da ƙaramin batir mai kama da kwabo ku yi hattara sosai, in ya maƙale a maƙogwaro cikin awa 2 yana iya ƙona wajen, ba a jira a ga ko zai fita a kashi, asibiti ake gudu.

Kuma akwai abin da ni da kaina na lura ba wanda ya faɗa min. In Abba yana goye ko yana kan tabarma kusa da ni bakina ba ya shiru, ga albasa, ga wuta zafi, kai ɗan nema sake min ɗankwali, shi kuma yana ta bababa dadada yana kallon bakina. Amma in yana keke sai in bar shi da kiɗansa in yi harkata, awa guda ban ce masa uffan ba. Wata biyun nan gwarancinsa ya ragu ko dai ni ce na daina saurara. Yaro kuwa a bakin mutane yake tsintar magana, roba mai waƙa ba ta amsa masa. Gidanmu harshe uku ne, ni da babansa Hausa, Hajiya Fulatanci take masa, yayyensa in sun dawo lekol, wato makaranta, Faransanci, mutane suna ta cewa za mu rikita shi ya yi jinkirin magana, ƙanwar mijina ta ce ba haka ba ne yara suna ɗauka duka. Ga shi yanzu a wata 15 yana cewa ruwa a wajena, in ya je ɗakin Hajiya ya ce ndiyam, ya san wa zai ce wa me, ɗan duniya.

To babbar tambayar, ya koya masa tafiya? A'a. A ciki da kan yatsu yake tura ƙasa yana jingine da ƙirji, ba ya ganin ƙafafunsa, kujera ce ke ɗauke da nauyinsa, in zai faɗi keken ya tare, to ta yaya zai san yadda ake tsayuwa. Jan cikin da ya fara ma sai ya tsaya cak, in na ajiye shi a tabarma kuka yake yana miƙa hannu wajen keke. Sai da muka yi kusan sati biyu ana rigima kafin ya koma ƙasa, daga nan rarrafe ya zo, ya fara kama kujera yana miƙewa, yana bin bango. Hukumar lafiya ta duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar har da Ghana, ta samu tafiya ba tare da riƙo ba tana zuwa ne tsakanin wajen wata 8 zuwa kusan wata 18, duk lafiya ne. Kenan 'yar maƙwabciyata lokacinta ne ya yi da keke ko babu, ni ce na ɗora wa kaina hawan jini a banza. In dai yaro ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, shi ne za a kai a duba.

Da ya kai wata 11 Hajiya ta aika wajen kafintan unguwa aka yi masa irin na da, na katako mai taya uku da ake turawa a tsaye, jaka 2 da rabi. Shi wannan yaro ne ke ɗauke da kansa, a yashi yake tura shi a hankali, in ya gaji ya zauna daɓas. Shi ma fa sai da na sa aka goge bakin katakon aka danne wani ƙusa da ya leƙo, kuma ba na barinsa da shi a kan siminti dan yana zillewa. A wata 13 ya saki, taku huɗu daga gwiwar babansa zuwa tabarmar Hajiya, ta yi ta guɗa kamar an kawo amarya.

In maki zan ba na robar, 2 cikin 5, biyun ma na kujerar da hutun bayana ne. Wata ƙawata daga Yelwa ta zo aro na hana ta har ta ɗan ji haushi, na nuna mata yatsun Abba, tabon bai gama ɓacewa ba. Baban Abba ya cire tayoyin duka da abin kiɗan, yanzu a ɗaki yake a ajiye, a ciki nake zaunar da shi in ba shi kunun gyaɗa, in ya gama in ciro shi.