Jirgin ƙasa ko masaƙa: ina Turawan Ingila suka zuba kuɗi a Arewa?

Hanya biyu ce a gaban gwamnatin mulkin mallaka, ko ta taimaka a kwashi ɗanyen kaya a kai waje, ko ta kafa masana'antu a sarrafa shi nan gida. Ta farkon suka rungume hannu bibbiyu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, burinsu auduga ce don masaƙun Ingila, sai manoma suka duba inda riba take suka koma gyaɗa, kafin kace me buhuna sun zama dala a Kano, jirgi na jida zuwa Legas. Manomi ya samu 'yan kuɗi kam, amma farashin ba a hannunsa yake ba, kuma da kuɗin nan zai biya haraji.

Ta biyun ce wallahi ke min ciwo. Garin da ya ɗau ɗaruruwan shekaru yana saƙa da rini, je ka marinar Ƙofar Mata kaga rijiyoyin baba da idonka, amma aka bar masaƙa da marina suna kokawa da yadin Manchesta. Babbar masaƙar Kaduna sai 1957 ta fara aiki, saura shekara 3 Turawan su miƙa mulki.