Tsabar gwaji ta Faransa: ni dai ta 1848 nake saya

Tsabar gwaji ita ce tsabar kuɗin da aka buga don a duba zane kafin a amince da shi, ba don kashewa ba. Faransawa na ce mata essai, sau da yawa ma kalmar na jikinta.

In kuɗin guda ɗaya gare ka, nemi ta gasar 1848. Da aka tumɓuke Sarki Louis-Philippe a watan Fabrairu, sabuwar jamhuriya ta buɗe gasa ga masu sassaƙa: faran 20 na zinariya, faran 5 na azurfa, santim 10 na tagulla. Merley ya ci ta zinariya, Oudiné ta azurfa, Domard ta tagulla. Ni zanen waɗanda suka faɗi ne ke ɗauke mini hankali. Kowanne da irin macen da ya ga ta dace ta wakilci jamhuriya, wata da zangarniyar alkama a ka, wata da hular 'yanci. Da yawansu a kuza aka buga su, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke iya kai hannu.

Gasar farkon mulkin Louis-Philippe kuwa hoton mutum ɗaya ne, wato sarkin, ake ta maimaitawa. Masu hoton Napoleon II (ɗan Napoleon na farko) da shekarar 1816, daga baya can aka buga su, ba gwajin gwamnati ba ne.

Sai maganar jabu, wadda ta taɓa cin kuɗina. Na sayi faran 5 a intanet bisa hoto ɗaya tak, da ta iso ashe zubi ce. Har yau abin na yi mini ciwo. Kada ka biya sai ka ga hoton gefenta. Ta zubi tana da siririn layin haɗi, da ƙananan ramuka a fuskarta, haruffanta kuma ba kaifi. Alamar gidan buga kuɗi na Paris kuma na nuna lokacin bugu: in ka ga alamar ƙudan zuma a gefe, bugun 1860 zuwa 1879 ne. Alamar ƙaho kuwa daga 1880 ne, komai shekarar da ke fuskarta. Ka sa dillali ya faɗi lambarta a kundin Mazard ko Guilloteau, da nauyinta. Wadda aka ce daidai take da faran 5 na azurfa, giram 25 za ta yi. Kuza mai baƙaƙen ƙuraje ta fara ruɓewa, ba ta gyaruwa. Ko a cikin robar kamfanonin tantance tsaba, PCGS ko NGC, take, duba lambar robar a shafinsu, don robar ma ana yin jabunta.