Haihuwar Fari a Ingila: Abin da Ya Bambanta da Namu na Kaduna

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na Kaduna. Idan ana maganar asibitocin Ingila, hankalin mutanenmu ya fi tafiya kan na'urori da tsabtar gini. Suna nan kam, amma abin da ya fi raba su da mu a ɗakin haihuwa shi ne yadda ungozoma ke tafiyar da mai naƙuda, musamman yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba.

Mai cikin fari a nan Ingila tana zuwa awo sau 10, wadda ta taɓa haihuwa kuma sau 7. Ana so a yi zaman farko kafin ciki ya wuce mako 10, a yi hoton ciki wajen mako 12, a sake wajen mako 20. Ba a biyan komai a bakin ƙofa, domin hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, da haraji take aiki. Sai dai baƙon da ya shigo da bizar zama ta fiye da wata shida galibi ya riga ya biya kuɗin lafiya, fam 1,035 a shekara ga babban mutum tun daga 2024, don haka kada a ce kyauta ce zalla. Kuma ba a miƙa wa miji takardar sayo safar hannu da auduga da ruwan ƙari, balle a tura shi neman jini cikin dare.

Da naƙuda ta fara, waya ake bugawa tukuna. Ungozoma za ta tambayi tazarar ciwon, ko faya ta fashe, wane launi ruwan yake, ko jariri na motsi. In komai lafiya, sau da yawa ce mata ake ta zauna a gida ta ci abinci ta yi wanka da ruwan ɗumi, don ba a ɗaukar naƙuda ta kankama sai bakin mahaifa ya buɗe kamar santimita 4. Wannan yakan ɓata wa matanmu rai, suna ganin an kore su. Amma da zarar ta kankama, ƙa'idar ita ce ungozoma ɗaya ga mace ɗaya, kuma ba a barin ta ita kaɗai sai na ɗan lokaci.

Aikin ungozomar a ƙidaye yake. Tana sauraron bugun zuciyar jariri duk minti 15, in an kai lokacin yunƙuri kuma duk minti 5. Tana duba bakin mahaifa duk awa 4, ba kowane lokaci ba, saboda yawan sa hannu bayan faya ta fashe na shigar da ƙwayoyin cuta. Kafin ta taɓa mace sai ta faɗi sunanta, ta bayyana abin da za ta yi, ta nemi izini, kuma in macen ta ce a dakata sai a dakata. Wadda ba ta jin Turanci ana nemo mata tafinta. Ba tsawa, ba dukan cinya, ba gorin nan da wasu ma'aikata a gida ke yi wa mai ihu. Wannan ba lallashin banza ba ne: mace in ta tsorata jikinta yakan ɗaure, naƙuda ta ja baya, sannan ta ɓoye abin da take ji.

A nan ne kunyarmu ke jawo matsala. An koya wa 'yar fari cewa jarumta ita ce ta cije kada a ji muryarta. To ungozomar da ba ta san al'adarmu ba sai ta ɗauka shirun nan sauƙi ne. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, kumburin fuska, duk alamun hawan jini ne da kan kai ga jijjiga, kuma mai cikin fari ta fi shiga wannan haɗari. Iyaye mata, a gida ko a waje, ku gaya wa 'ya'yanku su yi magana.

Maganin zafi kuwa mataki-mataki ne. Akwai iskar shaƙa da ake kira Entonox, rabi iskar oksijin rabi iskar rage zafi, wadda macen ke riƙewa da kanta, ta fara zuƙa da zarar ciwo ya taso, don tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta kama. Akwai kwamin ruwan ɗumi da ba a bari ya wuce digiri 37.5. Akwai allurar cinya, wadda kan sa jariri kasala in an yi ta dab da haihuwa. Sai allurar baya, mai kashe zafi sosai, amma tana iya tsawaita yunƙuri har a kai ga jawo jariri da na'ura. Duk ana faɗa wa mace amfani da illar, ita ce mai zaɓi. An kuma yarda mutum ya zauna da ita, miji ko uwa ko ƙanwa, ya ba ta ruwa ya danna mata ƙugu.

Naƙudar fari kan ɗauki kamar awa 8 bayan ta kankama, da wuya ta wuce 18. In mace ta yi awa 2 tana yunƙuri ba ci gaba, likita ake kira. Doguwar naƙudar da ake bari a ɗaki kwana biyu ana jiran ikon Allah, ita ce ke matse mafitsara tsakanin kan jariri da ƙashi har a samu yoyon fitsari. Ƙari ma ba a yi wa kowace 'yar fari don kawai ta fari ce, kuma in za a yi ɗinki sai an kashe wurin.

Jariri na fitowa ake ɗora shi a ƙirjin uwa, a jira aƙalla minti 1 kafin a ɗaure cibiya. A yi wa uwa allurar oxytocin don mahaifa ta tsuke mabiyiya ta fito, a auna jinin da ya zuba, in ya kai rabin lita a tashi tsaye. Wannan allura tana nan a gida ma, matsalar ita ce sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, kuma wadda ta kwana a kanta cikin zafin watan Afrilu na Kaduna ƙarfinta ya ragu. Dakashi ba a matse shi a zubar, shi ne abincin farko.

Kada a zaci aljanna ce. Ungozomomi sun yi ƙaranci, akwai daren da ƙa'idar ɗaya ga ɗaya ba ta cika. Rahoton binciken da ungozoma Donna Ockenden ta jagoranta na 2022 ya tona yadda rashin sauraron mata ya jawo asarar rayuka a wasu asibitoci, kuma rahotannin MBRRACE, masu bin diddigin mace-macen mata wajen haihuwa a Birtaniya, sun nuna baƙar mace ta fi farar fata haɗarin mutuwa wajen haihuwa fiye da ninki biyu.

Bayan sallama kuwa gida ya fi su nesa. Wadda ta haihu lafiya ana iya sallamarta cikin kwana ɗaya. Ungozoma za ta leƙo gida, a ɗebi jinin dunduniyar jariri a kwana na 5, amma babu goggo mai dama kunu, babu kaka mai karɓar jariri uwa ta runtsa. Mai jego a Tudun Wada ko Unguwar Rimi da ta koma gidan iyayenta wanka tana da gatan da kuɗi ba sa saye a nan. Abin da za a rage kawai shi ne yawan kanwa a kunu da ruwan wanka mai ƙuna, domin likitocin Zariya sun daɗe da danganta su da kumburin jiki da ciwon zuciyar masu jego. Mai jegon da ta fara haki, ko ta kasa kwanciya sai an tokare ta da matashi, a kai ta asibiti a ranar.